Al-Jazari: Maƙerin Fadar Amid da Ya Haɗa Ilimi da Aiki

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka ce tarihin magabata, hankalinka yakan tafi ga malaman Fiƙihu da Hadisi da sarakuna adalai. To yau maƙeri za mu kawo maka. Kafin ka ce me ya haɗa maƙeri da mujallar Islamiyya, dubi butar da ka yi alwala da ita da asuba, da kwaɗon da ke ƙofar ajinku, da agogon da ke bangon masallaci. Kowanne daga cikinsu sai da wani ya zauna ya yi tunani kafin ya zama yadda kake ganinsa. Mutumin da za ka ji labarinsa yana cikin manyan masu irin wannan tunani, ya kuma rayu sama da shekara 800 da suka wuce.

Asalinsa da zamaninsa

Sunansa Abul Izzi Isma'il ibn Razzaz, laƙabinsa kuwa Badi'uz Zaman, wato wanda babu kamarsa a zamaninsa. An fi saninsa da Al-Jazari saboda ƙasarsu, Al-Jazira. Ka san jazira da Larabci tsibiri ke nan. Larabawa sun sa wannan suna ga arewacin ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da kogin Furat, don ruwa ya sa ta a tsakiya. Yau an raba ta tsakanin Turkiyya da Siriya da Iraƙi. Littattafan tarihi suna ajiye haihuwarsa a 1136 Miladiyya.

Ya tashi a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, zamanin Sarki Salahuddin Al-Ayyubi wanda ya karɓo Ƙudus a 1187. A lokacin wasu garuruwan Al-Jazira suna hannun wani gidan sarauta na Turkawa da ake kira gidan Artuƙ. Wajen shekara ta 577 Hijiriyya, daidai da 1181, Al-Jazari ya shiga hidimar ɗaya daga cikin sarakunan gidan, Nuruddin Muhammad, sarkin Hisnu Kaifa. A 1183 Salahuddin ya ci birnin Amid ya damƙa wa Nuruddin. Amid ita ce Diyar Bakr ta yau, a kudu maso gabashin Turkiyya, birni mai ganuwar baƙin dutse a gefen Dijla. Al-Jazari ya yi wa Nuruddin aiki, sannan 'ya'yansa biyu ɗaya bayan ɗaya, Ƙuɗbuddin Sukman da Nasiruddin Mahmud. Shekara 25 ya yi yana ƙera wa wannan gida kayayyaki kafin ya rubuta littafinsa.

Yadda ya nemi iliminsa

Kada ka ɗauka da ka ya yi ta yi har ya dace. Al-Jazari ya karanta littattafan waɗanda suka gabace shi, ya kuma ambaci sunayensu. Cikinsu akwai Banu Musa, 'yan'uwa uku da suka rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, waɗanda suka rubuta Kitabul Hiyal mai ɗauke da na'urori wajen 100. Akwai kuma wani tsohon littafi kan agogon ruwa da ake jingina wa Arshimidas, masanin nan na ƙasar Girka.

Halinsa shi ne, duk abin da ya karanta sai ya ƙera ya gwada. A ganinsa ilimin sana'a da hannu bai tabbatar da shi ba yana nan cikin shakka, mai yiwuwa daidai ne, mai yiwuwa kuskure.

Ga misali ɗaya. Mutanen wancan zamani sukan raba yini sa'a 12, dare sa'a 12, ko yinin dogo ne ko gajere. Ka ga ke nan sa'ar lokacin zafi ta fi ta lokacin sanyi tsawo, dole mai agogon ruwa ya riƙa daidaita gudun ruwan gwargwadon kwanakin shekara. Tsohon littafin nan ya kawo wani faifai mai alamomi don wannan aiki. Al-Jazari ya ƙera shi yadda aka faɗa, sai ya ga agogon yana saɓa wa rana. Ya sake tsari, bai dace ba. Daga nan ya koma yana auna gudun ruwa da kansa, yana sa alama a inda gwaji ya nuna masa, har agogon ya tafi daidai. Ya girmama magabata, amma girmamawar ba ta hana shi gyara inda ya ga gyara ba.

Buta da daron alwala

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da kai. Sarki Nasiruddin Mahmud ba ya son bawa ko baiwa su tsaya a kansa suna zuba masa ruwa yana alwala. Sai ya nemi Al-Jazari ya samo masa mafita. Al-Jazari ya ƙera babbar buta ta tagulla wadda hadimi zai kawo ya ajiye a gefen daro ya ja da baya. Sai wani tsuntsu na ƙarfe da ke kanta ya yi fito, alamar ruwa na tafe, sannan ruwa ya fara zubowa da kansa har sarki ya gama. Fiton nan ba sihiri ba ne. Ruwa ne ke sauka daga wani ɓangare na butar zuwa wani, yana tura iskar da ke ciki ta fita ta wani ɗan usur.

Ya kuma ƙera buta ɗaya da ke ba da ruwan zafi, ko na sanyi, ko mai ɗumi, gwargwadon abin da mai riƙe da ita ya so. Wanda ya taɓa alwalar asuba da hunturu ya san darajar wannan.

Wanda ya fi shahara shi ne daron ɗawisu. Ɗawisu ne na tagulla a tsaye kan daro. Idan aka ja wani abu a wutsiyarsa sai ruwa ya zubo ta bakinsa. Ruwan da aka yi wanki da shi yana gangarawa cikin gindin daron, inda aka ajiye wani rufaffen ƙoƙo mai tasowa a kan ruwa kamar goran masunta. Da ruwa ya taru sai ƙoƙon ya taso ya tura wani ƙarfe, sai 'yar ƙofa ta buɗe, ɗan mutum-mutumi ya fito da abin wanke hannu. Da ruwan ya ƙara taruwa sai ƙoƙo na biyu ya taso, wata ƙofar ta buɗe, wani ya fito da tawul. Ka lura, ruwan da kowa ke ɗauka ya gama amfani shi ya sa ya yi wannan aiki. Irin wannan ƙoƙo mai tasowa shi ne yau ke rufe ruwa a tankin gida idan ya cika.

Bai tsaya kan alwala ba. Likitocin zamaninsa sukan tsaga jijiya su fitar wa majinyaci jini, kusan yadda wanzami ke yin ƙaho. Haɗarin shi ne a fitar fiye da ƙima. Al-Jazari ya ƙera tasoshi masu auna jinin yayin da yake zuba: jini na taruwa a ƙasa, ƙoƙo na tasowa, wani tsinke na nuna adadin a kan ma'auni na dirhami, majinyaci da likita duk suna gani.

Agogon giwa da agogon kyandir

A cikin agogunansa goma, shida na ruwa ne, huɗu na kyandir. Wanda duniya ta fi sani shi ne agogon giwa. Giwa ce ta ƙarfe, a wuyanta mahayi, a bayanta magatakarda riƙe da alƙalami, sama da su wani ɗan soro kan ginshiƙai, da shaho biyu da macizai biyu, can ƙoli kuma tsuntsu.

Sirrin yana cikin giwar. Akwai tanki cike da ruwa, a kansa wata tasa mai ɗan huji a gindi. Ruwa na shiga ta hujin a hankali, tasar na nutsewa, tana jan zaren da ke juya magatakarda, alƙalaminsa na nuna yadda lokaci ke tafiya. Bayan rabin sa'a cif sai tasar ta nutse gaba ɗaya, ta fizgi wani zaren da ke sakin dunƙulen tagulla daga soron. Tsuntsun ƙoli ya juya, dunƙulen ya faɗo daga bakin shaho zuwa bakin maciji. Nauyinsa ya sa macijin ya sunkuyo ya sauke shi a wata tukunya, mahayi ya buga, a ji ƙara. To ga inda hikimar take: sunkuyowar macijin ita ke jawo tasar nan daga ƙarƙashin ruwa, ta zubar da abin da ke cikinta, ta sake hawa kan ruwa, sabon rabin sa'a ya fara. Aikin mai kula da agogon kawai ya mayar da dunƙulayen sama ya kuma duba ruwa.

Hujin nan ba a yi shi da gaggawa ba. A jikin wani dutse mai tauri yakan huda shi ƙanƙane, ya gwada, ya ɗan faɗaɗa, ya sake gwadawa, har sai ruwa ya ɗauki lokacin da ake so.

Akwai wani agogon mai siffar ƙofar fada, tsayinsa ya haura mita 3, mai ƙofofi 12 da ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya kowace sa'a, yana kuma nuna tafiyar rana da wata. Agogon kyandir kuwa na dare ne. Kyandir ne da aka auna kaurinsa da nauyinsa, a cikin kube na ƙarfe. Yana ci, wani nauyi na tura shi sama, kowace sa'a dunƙule ɗaya na faɗowa. A ɗaya daga cikinsu har da ɗan mutum-mutumi mai takobi da ke datse ƙonannen lagwani don wutar ta gyaru.

Ruwa zuwa gona da gida

Wataƙila ka ce duk wannan kayan sarakuna ne, ina talaka? To saurara. Al-Jazari ya bayyana na'urori biyar na ɗaga ruwa daga kogi ko tafki. Ta farko kamar jigo take, irin wanda masu lambu ke ban ruwa da shi, sai dai dabba ke juya ta ta hanyar faifai masu haƙora irin na keke. Sai ya lura dabbar tana aiki kashi ɗaya cikin huɗu na zagayenta, sauran kuwa tafiyar banza take yi. A na'ura ta biyu ya jera jigo huɗu a kan sanda ɗaya, wannan na sauka wancan na tashi. Dabba ɗaya, zagaye ɗaya, ruwa ninki huɗu.

Ta biyar ita ce ta fi ba masana mamaki. Famfo ne mai bututu biyu suna fuskantar juna, kowanne da abin turawa a ciki kamar na famfon keke, da bawul da ke barin ruwa ya shiga ya hana shi komawa. Gudun kogi ke juya wata babbar ƙafa, ƙafar na kaɗa wani ƙarfe hagu da dama, bututu ɗaya na zuƙo ruwa yayin da ɗayan ke tura nasa sama. Ruwan yakan hau zira'i 20, fiye da mita 10, ba mutum ba dabba.

A nan akwai abin da ya kamata ka riƙe. Mayar da juyawa ta koma kai-da-komo, ko kai-da-komo ya koma juyawa, shi ne tushen aikin keken ɗinki da injin babur da na mota da jirgin ƙasa. An san lanƙwasasshen ƙarfen da ke wannan aiki tun kafin Al-Jazari, kada wani ya ce maka shi ya ƙirƙiro mota. Abin da ya tabbata shi ne littafinsa yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka nuna wannan dabara a cikin na'urar ɗaga ruwa, da zane da awo. Gaskiyar nan ta ishe shi daraja.

A birnin Dimashƙa, a kan kogin Yazid, an kafa wata na'urar ɗaga ruwa a ƙarni na 13 mai tsari irin na ukun da ya bayyana. Ta yi ta ba wani asibiti ruwa, ta kuma ci gaba da aiki har wajen 1960.

Ƙofa da makulli

Shi ne ya ƙera ƙofar fadar Amid, ta tagulla, mai tsayin wajen mita huɗu da rabi, cike da zanen taurari masu sarƙe da juna. Ya bayyana yadda ya yi zubinta gunduwa-gunduwa a cikin yashi mai danshi, dabarar da za ka gani wurin masu zubin tukwanen ƙarfe a kasuwa. Ya kuma ƙera akwati mai makulli ba ɗan makulli. A kan murfinsa akwai faifai huɗu masu haruffan Larabci, sai wanda ya san jerin haruffan ya juya su daidai sannan akwatin ya buɗe. Akwatin tafiya mai lambobi da alhazai ke dawowa da shi, ɗan'uwan wannan ne.

Ko katako bai bari haka nan ba. Don kada ƙafar na'ura ta lanƙwashe, yakan yanka katakon falle-falle ya manna su. Yakan gwada ƙafa ya ga ko wani gefe ya fi nauyi, ya daidaita. Kafin ya taɓa ƙarfe yakan fara yin samfur da takarda ko katako, don idan akwai kuskure ya fito tun ba a yi asara ba.

Littafin da ya hana aikinsa mutuwa

Wata rana ya kawo wa Sarki Nasiruddin wani abu da ya ƙera. Sarki ya duba da kyau, ya yaba, sannan ya nuna masa cewa bai kamata wahalar da ya sha ta tafi a banza ba, ya umarce shi ya tattara abubuwan da ya ƙera a littafi, da zanensu. Al-Jazari ya bi umarni, ya kammala a 602 Hijiriyya, daidai da 1206.

Sunan littafin Al-Jami'u bainal Ilmi wal Amalin Nafi'i fi Sina'atil Hiyal, wato mai haɗa ilimi da aiki mai amfani a sana'ar dabaru. Hiyal jam'in hila ne, kalmar da mu ma muka ara, sai dai a nan ba yaudara ake nufi ba, dabarar sarrafa ruwa da iska da nauyi ake nufi. Ya kawo na'urori 50 a kashi shida: agogo 10, kayan shaye-shaye 10, butoci da tasoshi 10, maɓuɓɓugan ruwa na ado da kayan busa 10, na'urorin ɗaga ruwa 5, da wasu 5 daban-daban, cikinsu har da ƙofa da makullan nan. Zanen da ke ciki ya haura 170.

Abin da ya bambanta shi da da yawa daga masu sana'a shi ne bai ɓoye komai ba. Kowace na'ura sai ya faɗi siffarta, ya bi gaɓoɓinta ɗaya ɗaya, da awonsu, da ƙarfen da za a yi su da shi, da yadda za a haɗa, ya sa wa kowace gaɓa harafi a zane. Ya rubuta ne don wani maƙerin da bai taɓa ganinsa ba ya iya ƙerawa.

Masu tarihi suna ajiye rasuwarsa a wannan shekara ta 1206. Allah Ya jiƙansa. Yau babu ko ɗaya daga agogunan da ya ƙera da hannunsa, amma littafin yana nan. Kwafi mafi tsufa, wanda aka rubuta a 602 Hijiriyya, yana ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul. Wani injiniya Bature, Donald Hill, ya fassara shi zuwa Turanci a 1974. A 1976 an bi bayaninsa aka ƙera babban agogon ruwan nan a Landan. A 1979 Ahmad Yusuf Al-Hassan ya buga matanin Larabcin a Halab. An kuma kafa babban kwafin agogon giwa a kasuwar Ibn Battuta da aka buɗe a Dubai a 2005. Ka ga, shekara 770 bayan rubutun, mutanen wata ƙasa masu wani harshe sun karanta sun ƙera.

Abin lura

Za ka ce, to Malam, ga mutum-mutumi, ga kayan kiɗa, ga kayan shaye-shaye? Tambayarka tana kan hanya. Fadojin wancan zamani ba su rasa wasa da shagala ba, wasu daga kayan nan ma don majalisar shan giya aka yi su, giya kuwa haramun ce ko a fadar wa aka sha ta. Hukuncin sassaƙa surar mai rai kuma malamai sun yi bayaninsa, ka tambayi malaminka na Fiƙihu. Mu abin da ke cikin giwar muke so ka ɗauka: awo, da haƙuri, da gwaji. Wannan ilimin shi ne dai ya ɗaga ruwa ya kuma auna jinin majinyaci.

Darasi gare ka

Ya kai ɗalibi, sau nawa ka ji an ce wane ya iya wani magani, ko wata ƙira, ko wani rini, amma ya rasu da abinsa don bai koya wa kowa ba, bai kuma rubuta ba? Da Al-Jazari ya yi haka, da yau ko sunansa ba mu sani ba. Ka karanta a darasin Hadisi cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Ilimin da aka binne tare da mai shi kuwa, wa zai amfana da shi?

Saboda haka ga aiki. Idan akwai mai sana'a a gidanku, maƙeri ne, ko kafinta, ko masaƙi, ko mai ɗinki, ko Inna mai yin sabulu, ka ɗauki littafi ka zauna kusa da su. Ka yi tambaya cikin ladabi, ka rubuta yadda ake yi daki-daki, da ajami ko da boko, ka zana abin da za ka iya zanawa. Sannan ka ba wani ya karanta ka ga ko zai gane. Idan bai gane ba, rubutun ne da saura.

Kana kuma iya gwada agogon Al-Jazari da kanka. Samo 'yar ƙwarya ko gwangwani, ka yi masa ɗan huji a gindi, ka ɗora a kan ruwa cikin bokiti, ka duba agogo ka ga minti nawa zai yi kafin ya nutse. Ka maimaita sau uku ka rubuta. Sannan ka nemi yadda za ka sa shi ya nutse a minti biyar daidai. Za ka sha mamakin irin haƙurin da wannan ɗan aiki ke nema.

Ku kuma iyaye, idan kuka ga yaro yana kwance tsohuwar tocila, ko yana ƙera mota da kara da gwangwani, kada a yi saurin cewa ɓarna yake yi. A tsare masa lokacin karatunsa da sallarsa, a kuma bar masa lokacin wannan. Da yawa cikinmu mun ɗauka mai karatu daban, mai aikin hannu daban, har ana ganin wanda ya yi karatu ya fi ƙarfin riƙe guduma. Sunan littafin Al-Jazari kaɗai ya isa amsa, ga shi an haɗa ilimi da aiki mai amfani a layi ɗaya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya jiƙan magabatanmu da malamanmu, amin.